Ku san binciken malami kafin ku nemi ya jagorance ku

Assalamu alaikum ƴan uwa ɗalibai, musamman masu shirin rubuta kundin digiri na biyu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi. Shawarata ita ce kada ku zaɓi malamin da zai duba aikinku saboda sunansa ya yi fice kawai; ku fara rubuta sunansa a Google Scholar, shafin intanet na neman maƙalun bincike, ku karanta taƙaitaccen bayanin maƙalu uku da ya wallafa kwanan nan, domin a nan ne za ku gane abin da ya sa a gaba yanzu.

Fannin noma kaɗai yana da rassa da yawa. Mai nazarin ƙwari, wanda ke aiki kan murzunar da ke cin zangarniyar hatsi ko kan adana wake cikin buhun PICS mai ninki uku, dabam yake da mai nazarin ƙasa ko sassabin zamani (renon itatuwan da ke tofowa da kansu a gona), kuma masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasar Nijar, a reshenta da ke Tarna kusa da Maradi, sun daɗe a waɗannan ayyuka. Mai sha'awar tattalin arziki kuwa ya nemi wanda ya taɓa rubutu kan cinikin iyaka tsakanin Maradi da Katsina, ko canjin sefa da naira.

Idan za ku same shi a ofis, ku tafi da shafi ɗaya mai ɗauke da tambayar bincikenku, ku ambaci maƙalarsa da kuka karanta.