Darasi na 7: Ƙurajen Fuska ga Mai Shan Maganin Ciwon Daji

Akwai magungunan kansa, wato ciwon daji, da ke feso wa mutum ƙuraje a fuska. Daga cikinsu akwai erlotinib da gefitinib, ƙwayoyin da ake ba masu kansar huhu, da cetuximab da ake sa wa masu kansar hanji ta jijiya. Aikinsu toshe hanyar da kansa ke bi ta girma. To, ita ma fata ta wannan hanya take sabunta kanta, shi ya sa abin yake shafarta.

Ƙurajen kan fito cikin mako 1 zuwa 2 da fara magani, a gefen hanci, goshi, haɓa, wani lokaci har ƙirji da gadon baya. Suna da ƙaiƙayi da raɗaɗi, wasu da farin kai. Ba a ɗaukarsu, don haka ba dalilin ware wa majiyyaci kwano ko tabarma.

Ga inda ake yawan kuskure. Ido zai ce ƙurajen balaga ne, sai a garzaya kemis a sayo man da ke busar da fuska. Alhali wannan fata a bushe take, kuma ta yi laushi. Maiƙo take nema. A ajiye sabulun salo da soso, a dakata da dilka da kurkur. Man bilicin kuwa, ko kusa kada ya zo, ko da tabo ya yi baƙi bayan ƙurji ya kwanta. Tabon yakan dushe da kansa sannu a hankali.

A wanke fuska da ruwa mai ɗan ɗumi, da tafin hannu kawai. A ɗan danna tawul mai laushi, kada a goga. Tun fatar na da danshi a shafa mai marar turare, safe da dare, a ƙara bayan alwala, musamman da hunturu. Rana tana tsananta ƙurajen ƙwarai. In fita ta kama, a sa malafa ko a riƙe lema, a shafa man kare rana mai lamba 30 ko fiye. Maigida ya ɗan huta da zuwa wurin wanzami, almakashi ya isa rage gemu. Matse ƙurji kuma, a haƙura, komai ƙaiƙayi.

Likita kan rubuta man hydrocortisone da ƙwayar doxycycline. Ita ana shanta da cikakken kofin ruwa, ba da madara ba, kuma ba a kwanciya nan take. Mai juna biyu ba ta shanta.

Kada kunyar fuska ta sa a daina maganin kansa a ɓoye. A gaya wa likita, shi ke da ikon rage shi ko tsayar da shi na ɗan lokaci. Amma in zazzaɓi ya kai digiri 38, ko ƙurajen suka fara mugunya da ɓawo rawaya, ko fata ta yi bororo tana saɓulewa, ko baki da ido suka yi gyambo, a tafi asibiti a ranar.

Aikin gida: rubuta sunan maganinka da ranar da ƙurjin farko ya fito, ka tafi da takardar ranar ganin likita.