Kurakuran da sababbin kociyoyin ƙwallon Amurka suka fi tafkawa

Duk shekara da zarar Agusta ta kama, makarantun sakandare a nan Amurka suka buɗe atisayen sabuwar kaka, sai ka ga sababbin kociyoyi sun shigo fili da zumuɗi, usur a wuya, ƙaton kundi a hammata. Kafin Oktoba ta ƙare, kurakuran bara ne dai nake sake gani, fuskoki kawai suka canza. Yanzu kuma da NFL, babbar gasar ƙwararru ta wasan, ta fara kai sansanin zaƙulo matasa Afirka, Accra a 2022, Legas a 2024, ga kuma samfurin wasan na fizge ƙyalle da za a buga a Olamfik ta 2028 a Los Angeles, 'yan'uwa daga gida sun fara turo mini tambayoyi kan tsarin wasa. To bari in faɗa sau ɗaya in huta.

Ga wanda bai saba ba, kowace ƙungiya kashi uku ce. Akwai masu kai hari, waɗanda ake ba dama 4 su ci yadi 10. Akwai masu tsaro. Sai 'yan bugu, masu shiga duk lokacin da za a sa wa ƙwallo ƙafa. Ko wane kashi ne a fili, mutum 11 ne.

Babban ciwon sabon koci shi ne kwaɗayin dabaru. Ya wuni Lahadi yana kallon manya, ya ga koci Andy Reid ya yi wani siddabaru a Kansas City, Litinin da la'asar ya zo ya zana wa yara 'yan shekara 15 a allo. Mako mai zuwa ya ƙaro wani. Malam koci, mutanen da kake kwaikwayo sana'arsu ke nan, a ɗakin bita suke wuni. Yaranka daga ajin lissafi suka fito, awa biyu gare su a hannunka, ga aikin gida yana jiransu. Zauna ka yi lissafin da kanka. A ce masu kai hari sun samu minti 40 suna gwada dabaru tare, kowace gwaji tana cin rabin minti, ka samu gwaji 80 ke nan. In dabaru 60 ne a kundinka, yawancinsu sau ɗaya za a taɓa su, kuma a kan tsayuwar tsaro iri ɗaya tak. Ranar Juma'a da dare abokan hamayya su gusa da mutum ɗaya taki biyu zuwa hagu, sai ka ga ƙartin gabanka suna kallon juna, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya faɗa masa wa zai tare. Yaron da ke tunani a fili ba ya gudu, kuma ba laifinsa ba ne.

Vince Lombardi, kocin da ya ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na lashe kofi, biyu na farko da Green Bay, an san shi da dabara ɗaya: a ba mai ruga ƙwallo ya zagaya gefe, ƙarti biyu su zare daga layi su share masa hanya. Duniya ta san ita zai yi, amma tare ta ya gagara. John Madden ya sha ba da labarin yadda ya je wani taron bita yana matashin koci, ya ga Lombardi ya kwashe awa 8 yana bayanin wannan dabara ita kaɗai. Haka Hal Mumme da Mike Leach, da suka fara gina tsarinsu na yawan jifa a ƙaramar kwalejin Iowa Wesleyan daga 1989, 'yan dabaru ƙalilan gare su, maimaici ne ya yi yawa.

Ni ga yadda nake yi, kuma na san akwai waɗanda ba su yarda ba. Dabarun gudu 4, kowace hagu da dama. Kowace kuma tana da ƙanwarta, wadda farkonsu iri ɗaya ne amma ƙarshensu daban, don ranar da masu tsaro suka fara yi mana riga-malam-masallaci. Dabarun jifa ba sa wuce yatsun hannu biyu. Sabuwa ba ta shiga kundi sai tsohuwa ta fita. Ranar Alhamis kuma nakan kira yaron da ya fi kowa jinkirin ɗaukar karatu a layin gaba, in ambaci sunan dabara, in ce wa za ka tare? In ya ɗaga ido sama yana nema, na soke ta, ba za a kira ta gobe ba ko da ni na fi kowa son ta.

Ƙanin wannan kuskure shi ne zaɓen tsari kafin a ga yaran. Mutum ya ƙudurta tun bazara cewa shi jifa mai nisa zai yi, alhali kwatabak ɗinsa, wato mai jefa ƙwallo, da ƙyar yake kai ta yadi 30. Tsarin gajerun jifa da ya ɗaukaka Bill Walsh a San Francisco dole ce ta haife shi. A Cincinnati, inda Walsh yake mataimakin koci kafin nan, kwatabak Greg Cook mai ƙarfin hannu ya samu rauni a kafaɗa a 1969, aka koma kan Virgil Carter, wanda ba shi da nisan jifa amma yana da saiti da kai. Walsh ya sake ɗinka tsarin daidai jikinsa, a 1971 Carter ya fi kowa a gasar yawan jifa masu isa hannu idan aka auna da adadin da ya jefa. Fara ƙirga abin da ke hannunka, sannan ka ɗauki alli.

Sai masu barin ƙartin gaba a wani lungun fili da mataimakin da ya fi kowa ƙuruciya, su kuwa suna can wajen masu cafe ƙwallo, inda ake abin burgewa. Mutum 5 cikin 11 ka yasar. Kocin da ya fi iya koyarwa shi ake ba layin gaba.

A ɓangaren tsaro, cutar ita ce son taron dangi a kan kwatabak. Da an ci su yadi 10 sai ran koci ya ɓaci, ya tura mutum 6 ko 7 su afka, ya bar baya wayam. Kowa yana son ya zama Buddy Ryan na Chicago Bears ta 1985, mai tsarin nan da ake kira 46, sunan da ya samo daga lambar rigar ɗan wasansa Doug Plank. Sai dai a tuna irin mazajen da Ryan ke da su, su Mike Singletary da Richard Dent. A tuna kuma wasa ɗaya da suka sha kashi a wannan kaka, Miami ce ta yi musu 38 da 24, saboda kwatabak ɗinta Dan Marino yana sakin ƙwallo kafin farmakin ya iso. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Disamba 2020. New York Jets suna gaba 28 da 24, saura daƙiƙa 13, Raiders na yadi 46 daga gida, wato ƙarshen filin da ake kai ƙwallo a ci maki 6, ba abin da ya rage musu sai jifan sa'a. Maimakon a ja mutane baya, kocin tsaro Gregg Williams ya tura kusan kowa gaba, ya bar sabon yaro shi kaɗai da mai cafe ƙwallon Raiders, Henry Ruggs, ɗaya daga cikin mafiya gudu a gasar. Aka ci su 31 da 28. Washegari aka sallame shi.

Tsaro ƙofofi ne. Tsakanin kowane ƙato da na kusa da shi akwai ƙofa, kowace ƙofa tana da mai ita, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yawancin dogayen gudun da ake yi wa yara, in ka mayar da bidiyo baya, za ka tarar mutum biyu ne suka cusa kai ƙofa ɗaya suka bar ta kusa a buɗe. Ni tsayuwa ɗaya nake koyarwa a gaba, tsaron baya iri biyu, na yanki da na kowa-da-nasa, farmaki kuwa biyu, kuma ba na kiransu ina fushi. Ƙa'idata, wadda wasu abokan aiki ke yi wa dariya, ita ce kullum a bar mutum ɗaya can baya, wanda ba mai wuce shi.

Kayarwa da ka kuwa ba batun tsari ba ne, batun wuyan ɗan mutane ne. Tun 2014 Pete Carroll da Seattle suka fitar da bidiyon kayarwa da kafaɗa irin ta 'yan zari-ruga, kai a gefe, hannu ya naɗe cinya. Duk kocin da har yau yake tafa wa yaro don ya soka kwalkwalinsa a ƙirjin wani, a karɓe masa usur.

Yanzu na zo inda ke ci mini tuwo a ƙwarya. 'Yan bugu. Kusan kowane sabon koci a minti 10 na ƙarshen atisaye yake tuna su, lokacin da yara sun jigata, iyaye sun fara danna ham a wajen ajiye motoci. Ya tattaro waɗanda ba sa samun shiga wasa ya ce ku je ku tsaya can, wai don kowa ya ɗana. Haba malam! Babu dabarar da ke sauya yadi 40 a bugu ɗaya kamar wannan, kai kuma ka miƙa ta ga waɗanda ba ka yarda su tsare maka yadi 4 ba?

Wannan ya taɓa cin mu, kuma har yau in na tuna sai in ji ɗaci. Wasan neman shiga zagayen kifa-ɗaya-kwala ne, daren Nuwamba, sanyi har cikin ƙashi. Muna gaba da maki 4, lokaci ya kusa ƙarewa, abin da ya rage kawai mu buga ƙwallo ta yi nisa mu bar wa masu tsaro sauran. Yaron da ke cillo ƙwallo ta tsakanin ƙafafu zuwa ga mai bugu ya gurɗe a yatsa tun kafin hutun rabin lokaci, kuma duk kakar ba wanda aka koya wa aikin sai shi. Na waiga benci na ce wa ya iya? Wani ya ɗaga hannu don kunya. Ina kallonsa ya sunkuya, yana hura wa tafin hannunsa iska, ƙafafunsa a haɗe maimakon a buɗe. Ƙwallon ta tashi ta bi ta saman kan mai bugu kamar da taku biyu, ta yi ta gangarawa baya, wani ɗan tsamurmurin yaro nasu ya faɗa kanta a cikin gidanmu. Maki 6. A motar komawa ba wanda ya ce uffan, shi kuwa yaron ya lulluɓe kansa da tawul har muka isa, alhali aikin da ba a taɓa nuna masa ba aka ɗora masa.

Kada ka ce wannan sai ƙananan makarantu. San Diego Chargers ta 2010 ita ce ta ɗaya a NFL wajen yawan yadin da ta ci, ita ce kuma ta ɗaya wajen ƙarancin yadin da aka ci ta, amma ko zagayen gaba ba ta kai ba, ta ƙare da nasara 9 da rashin nasara 7. A Seattle, Leon Washington ya dawo musu da bugun farawa har gida sau biyu a wasa ɗaya. A Oakland aka toshe musu bugu biyu tun a zangon farko. A 2013 kuma, a wasan jami'o'i, Alabama ta gwada bugun maki 3, wanda ake bi da ƙwallo tsakanin sanduna, daga yadi 57 saura daƙiƙa ɗaya, ƙwallo ta gaza, Chris Davis na Auburn ya cafe ta a ƙarshen fili ya rugo, ya tarar yawancin waɗanda ke gabansa ƙartin tarewa ne da ba za su iya cim masa ba.

Tun daga wancan dare, da 'yan bugu nake buɗe atisaye, jiki da ƙarfi, hankali a tare. Masu cillowa uku nake horarwa, kowa sai ya yi nasa kullum ko ba zai taɓa shiga wasa ba. Agogo yana hannuna: daga barin ƙwallo ƙasa zuwa barinta ƙafar mai bugu, in ya haura daƙiƙa biyu da 'yan kai, a sake. Kuma gwanayen ƙungiya suna cikin masu kare bugu, ko iyayensu sun yi ƙorafin ana gajiyar da su. Wanda ya fi ƙarfin wannan aiki ya fi ƙarfin ƙungiyata.

Sauran ƙanana ne, amma suna ci. Kada ka sa wa dabara suna mai kalma 9, agogon daƙiƙa 40 ba ya jiran ka gama karatu. Kada ka ƙona hutun neman shawara a farkon zagaye na biyu don ka yi wa yaro faɗa, za ka neme shi a ƙarshe. In kana gaba kuma kana inda bugun maki 3 zai kai, riƙe ƙwallo a ƙasa: Atlanta a Super Bowl na Fabrairu 2017 tana gaba 28 da 20, ta isa wajen yadi 22, ta nemi jifa, aka kayar da kwatabak ɗinta Matt Ryan, aka kama su da laifin riƙo, suka fita daga zangon bugu, wasan da suka taɓa jagoranta 28 da 3 ya suɓuce. Gwada karɓar gajeren bugun farawa, wanda abokan hamayya ke yi don su sake ƙwace ƙwallo, kowane mako, kowa ya san ko shi mai tarewa ne ko mai cafewa, don ruɗewar wannan ce ta taimaka wajen fitar da Green Bay a Seattle a Janairu 2015.

Sannan a riƙa ƙirga mutane. A Janairu 2022 San Francisco ta fitar da Green Bay 13 da 10 a cikin dusar ƙanƙara ba tare da masu kai harinta sun shiga gida ko sau ɗaya ba, bayan ta toshe musu bugu biyu, kuma a bugun ƙarshe da ya raba gardama mutum 10 Green Bay ta tsayar. Ni akwai yaro ɗaya a benci da ba shi da wani aiki sai wannan. Duk sanda 'yan bugu suka shiga, yana tsaye kusa da ni yana nuna su da yatsa, in ya kai 11 ya daki kafaɗata.