Kafin Ka Ɗora Sifana a Kan Tafet, Ka San Irin Wanda Ke Cikin Injinka

Ƙarar "tak-tak-tak" da ke tashi daga saman inji yawanci ta tafet ce, ɗan ƙarfen nan da ke karɓar turi daga kamshaf (sandar da ke juyawa mai ƙusoshin da ake kira kam) ya miƙa wa bawul, wato ƙofar shigar iska ko fitar hayaƙi a silinda. Iri biyu ne, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan.

Na farko ƙarfe ne zalla, ana bar masa 'yar rata domin ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗauki zafi. Na biyu shi ne haidirolik, mai ɗan fistin a cikinsa, wanda baƙin mai ke cikawa ya cike ratar da kansa. Tun 1930 kamfanin Cadillac ya sa wannan dabara a injinsa mai silinda 16. Duba littafin motarka: in an rubuta adadin ratar bawul, to naka ƙarfe zalla ne. A injinan Toyota ma, 22R da 2AZ-FE ana auna musu rata, amma 2GR-FE haidirolik ne.

In naka na aunawa ne, fara da sanin ko da zafi ake yi ko sai ya huce. Tsohuwar Volkswagen Beetle sai ta yi sanyi, ratarta milimita 0.15. Shi kuwa 22R da zafinsa ake yi, 0.20 a bawul ɗin shigar iska, 0.30 a na fitar hayaƙi. Cire murfin bawul, ka juya injin da hannu har tsinin kam ya juya wa tafet baya, bawul ya rufe ruf. Sai ka zura fila geji, siririn ƙarfen auna rata, a cikin ratar. Ya kamata ya shige da ɗan ja kaɗan, ba sakwaf ba, ba kuma da ƙarfin tsiya ba. In bai yi daidai ba, sassauta noti, juya sukurun daidaita ratar, ka riƙe shi da sukundireba yayin da kake ɗaure notin. Sake aunawa bayan ɗaurin, domin sau da yawa sukurun yakan goce. Wasu injinan ba su da sukurun, sai dai a canza ɗan faifan ƙarfen da ke ƙayyade ratar.

Abin da ke ɗaga mini hankali shi ne masu matse tafet don inji ya yi shiru. Bawul ɗin hayaƙi yana sauke zafinsa ne a ɗan lokacin da ya zauna a mazauninsa. In babu rata ba zai zauna daram ba, wuta ta riƙa bi ta gefe tana cin bakinsa. Na sha zaro bawul na tarar da gefensa ya gutsire kamar an sa wuƙa, alhali mai motar yana yaba shirun injinsa. Ga shi kuma ratar takan ragu da kanta yayin da bawul ke nutsewa cikin mazauninsa. Gara 'yar ƙara da bawul mai ƙuna.

Shi haidirolik baƙin mai mai tsabta yake so. Ƙarar 'yan daƙiƙu da sassafe ba komai ba ce, man ne bai hau ba tukuna. In ta ƙi ɗaukewa, duba ma'aunin mai: ƙarancinsa yana jawo ta, yawansa ma haka, domin yana kumfa iska ta shiga tafet. Yi juye da kaurin man da littafi ya ce, ka canza filta. In har tafet ɗaya ya ci gaba da ƙara, kafa bakin doguwar sukundireba a kan murfin, ka kara kunne a ƙotarta, ka bi har ka gano shi. Wanda ke lotsewa da ɗan dannawa bayan inji ya yi aiki, ya gama yayi.

Masu motar tsere sun fi son na ƙarfe zalla saboda yana jure gudun inji mai tsanani. Motar yau da kullum kuwa, ni haidirolik nake zaɓa wa duk mai yin juye a kan kari. Kada dai ka sa wani iri a kan kamshaf ɗin ɗayan, domin an yanka kowane kam ne don irin tafet ɗinsa. In kuma ka cire su, jera su bi da bi, kowanne ya koma ramin da ya fito.