Kurakuran da Ake Maimaitawa Wajen Tsara Burin Rage Cunkoso a Manyan Birane

Shafin buri nake fara buɗewa a duk daftarin tsarin sufuri, kuma sau tari jimla ɗaya ce a zaune: "Za a rage cunkoson ababen hawa da kashi 30 cikin ɗari nan da shekara biyar." Kashi 30 na me? A wane titi, da ƙarfe nawa, kuma da wace shekara aka kwatanta? Burin da bai amsa waɗannan ba, ba mai iya cewa an cimma shi ko an gaza, shi ya sa ma ake son rubuta shi haka.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne auna gudun mota maimakon isar mutum. Da zarar ka rubuta cewa burinka motoci su riƙa gudun kilomita 50 a awa da safe, ka gama yanke hukunci ba ka sani ba, domin hanya mafi sauri ta kai wa wannan adadi ita ce faɗaɗa titi da gina gadar sama. Shekara ɗaya ko biyu titi zai yi sarari, a yi ta yabo. Daga nan wanda ke sammako don guje wa gosulo ya koma fita ƙarfe bakwai da rabi, mai bin ɓarauniyar hanya ya dawo babban titi, mai shiga bas ya ɗauko motarsa, wani kuma ya kama gida can bayan gari tunda hanya ta yi kyau. An gudu ba a tsira ba. Tun 1962 masanin tattalin arziki Anthony Downs ya bayyana wannan, kuma a 2011 Gilles Duranton da Matthew Turner suka nuna da alƙaluman biranen Amurka cewa yawan kilomitocin da ake tuƙawa yana ƙaruwa kusan daidai da yawan babban titin da aka ƙara. A birnin Houston na Amurka an faɗaɗa titin Katy, aka gama a 2008, wani wurin har layi 26 idan aka haɗa da na gefe, amma bayan 'yan shekaru lokacin tafiyar safe da yamma ya sake tsawo. Kalifoniya ta yi doka a 2013 ta daina ɗaukar jinkirin mota a mahaɗa a matsayin ma'aunin illar sabon gini ga muhalli, kuma daga Yulin 2020 kilomitocin da ake tuƙawa ake dubawa a duk jihar.

Ni ma'auni uku nake amfani da su, ban ce kowa ya yarda da ni ba. Na farko, mutum nawa suka ratsa wani zaɓaɓɓen wuri cikin awa ɗaya tsakanin ƙarfe 7 da 9 na safe, ko da me suka zo. Na biyu, kilomita nawa ake tuƙawa a kan kowane mazaunin birni. Na uku shi ne wanda aka fi mantawa: tabbacin lokacin isa. Ka auna tafiya ɗaya a ranakun aiki 20, ka jera sakamakon, ka ajiye mafi muni a gefe, ka ɗauki mai bi masa. Idan matsakaicin tafiyar minti 35 ne amma wannan adadin ya nuna 70, to minti 70 ma'aikaci ke warewa kullum don kada ya makara. Rage 70 zuwa 50 ya fi masa amfani a kan rage 35 zuwa 32, ko da yake na biyun ne ke fitowa da kyau a rahoto.

Sai maganar haɗa mota, wato mutane su tafi tare a motar ɗayansu, wadda a nan ne raina ya fi ɓaci. Za ka ga an rubuta cewa za a ninka yawan masu tafiya aiki tare a mota ɗaya, an ja layi a ƙarƙashi, an tashi taro. Ba wanda ya tambayi daga ina sababbin za su fito. Idan mutum uku da ke shiga bas suka haɗa kuɗin mai suka ɗauko mota, adadinka ya hau, titi kuma ya samu ƙarin mota ɗaya, bas ya rasa fasinja uku. Tufka da warwara ke nan, kuma kai da kanka ka rubuta ta a matsayin nasara. Haba! Wannan lissafi ne da ba ya buƙatar kwamfuta. Abin da ya kamata ka sa wa ido shi ne kason masu tuƙi su kaɗai, shi za ka nemi ya sauka, ka bar mutane su zaɓi abin da za su koma: bas, jirgin ƙasa, keke, haɗa mota ko aiki daga gida. Jihar Washinton tun dokarta ta 1991 kan wannan adadi ta ɗora manyan ma'aikatu masu mutum 100 zuwa sama da ke fara aiki tsakanin ƙarfe 6 da 9 na safe.

Ka yi lissafin a fili kowa ya gani. Mutum 1,000 a motocin da matsakaicinsu mutum 1.1 ne suna buƙatar mota 909. Idan matsakaicin ya kai 1.3, mota 769 ta ishe su, wato 140 sun bar titi. Wannan ɗan ƙarin na 0.2 yana da wuyar samu fiye da yadda yake a ido. A Amurka kusan kashi 20 cikin ɗari na ma'aikata ke haɗa mota a 1980, amma zuwa 2019 sun koma wajen kashi 9, duk da layukan musamman da aka yi ta ware musu. Wanda ya yi alkawarin ninka adadin cikin shekara uku da allunan talla kawai, shafa labari shuni yake yi.

Jakarta ta ƙasar Indonesiya darasi ce ta fuska biyu. Daga 1992 aka hana motar da ba ta ɗauke da mutum uku bin wasu manyan titunan tsakiyar birnin a lokutan rububi. Sai sana'a ta ɓullo: mutane su jeru a bakin titi dab da mashiga, suna ɗaga yatsa, direba ya ɗauki ɗaya ko biyu ya biya su, su sauka bayan an wuce 'yan sanda, su koma a sake. Har da mata masu goyo, domin jariri ma kai ne a ƙidaya. Mai ƙidayar kawuna a tagar mota zai rantse an cimma buri. Amma da aka soke dokar a 2016, masu bincike sun ga jinkiri a waɗannan titunan ya ƙaru da kusan kashi 46 da safe, kashi 87 da yamma, har ya fantsama zuwa titunan da dokar ba ta taɓa shafa ba. Ashe duk da maguɗin tana aiki. Don haka kada ka dogara da ƙidayar kawuna kaɗai, kada kuma ka soke tsari saboda surutu kafin ka auna.

Layin da aka ware wa masu haɗa mota yana da tarkonsa. Layi ɗaya na babban titi yana ɗaukar mota 1,800 zuwa 2,000 a awa. A mutum 1.1, wannan mutum 2,200 ne a mafi yawa. Mota 800 masu mutum uku-uku sun kai 2,400, amma direban da ke maƙale a gefe fili kawai yake hangowa, sai ƙorafi ya tashi, shugabanni su tsorata su buɗe wa kowa. Ka wallafa adadin mutanen kowane layi duk wata tun daga ranar farko. Ka kuma rubuta sharaɗin ƙara tsanani tun kafin layin ya cika. Dokar tarayyar Amurka tana ɗaukar irin wannan layi ya lalace idan bai riƙe gudun mil 45 a awa ba a kashi 90 na lokutan rububi cikin kwana 180. Ni da ya kusa haka nake ɗaga sharaɗi daga mutum biyu zuwa uku.

Sauran ƙanana ne amma suna ɓata aiki. Kada ka ɗauki ma'aunin farko lokacin hutun makarantu ko a shekara irin 2020 ta annobar korona. Talata zuwa Alhamis na mako biyu a tsakiyar zangon karatu nake ƙidaya, kuma a daidai wannan lokacin nake maimaitawa duk shekara. Yawan waɗanda suka yi rajista a manhajar haɗa mota ba tafiya ba ne. Matsakaicin birni gaba ɗaya yana ɓoye titi biyar ɗin da ke wahalar da jama'a, saboda haka kowace babbar hanya a ba ta nata adadin. Hana mota fita bisa lambarta, kamar yadda birnin Meziko ya fara a 1989, yana sa mai hali ya sayi tsohuwar mota ta biyu.

Akwai kuma zaton cewa raguwar motoci da raguwar cunkoso abu ɗaya ne. Landan ta sa kuɗin shiga tsakiyar birni a 2003, fam 5 a rana, cunkoso ya ragu da kusan kashi 30 da farko. Bayan 'yan shekaru motoci ba su dawo yadda suke ba, amma jinkiri ya dawo, saboda haƙe-haƙen titi da kuma filin da aka mayar wa bas da masu tafiya a ƙasa. Adadi biyu ne, a rubuta su daban. Abin da nake so a tsarin kuɗin shiga birnin Sitokhom na ƙasar Suwidin shi ne gwaji: wata bakwai a 2006, motocin da ke ratsa iyakar suka ragu da kusan kashi 20, aka dakatar, aka yi ƙuri'ar raba gardama, sannan aka tabbatar a 2007.

Buri mai nisa ba laifi ba ne. Landan ta sa 2041 a matsayin shekarar da take son kashi 80 na tafiye-tafiye su zama a ƙasa, a keke ko a sufurin jama'a. Amma idan ka ari irin wannan, ka yanka shi shekara bibbiyu, kowane zango da sunan ofishin da zai amsa tambaya. Kuma kada ka nemi ma'aikata ta rage masu tuƙi su kaɗai alhali fakin kyauta ne a harabarta. A sa kuɗin fakin na rana-rana maimakon na wata, a ba masu haɗa mota wuraren da suka fi kusa da ƙofa, a kuma ware kuɗin tasi na 'yan lokuta a shekara ga wanda ya bar motarsa a gida sai aka kira shi yaro ba lafiya, ko direban da ya kawo shi ya tashi da wuri.