Yadda ake mayar da takardar auna kaifin ji zuwa harshen mutanen Poland

A ɗauki ma'aunin da masana halayyar ɗan Adam Elaine Aron da Arthur Aron suka fitar da Turanci a 1997: tambayoyi 27, kowace ana ba ta maki daga 1 zuwa 7, kan abubuwa irin su yadda haske mai kashe ido, wari, jiniya ko kaushin tufa ke damun mutum. Kafin a taɓa ko kalma ɗaya, a nemi rubutaccen izinin masu shi.

Mutum biyu da suka tashi da harshen Poland su fassara, kowa shi kaɗai. Ɗaya ya san fannin, ɗayan kuwa gara bai sani ba, don shi ne zai kawo maganar talakawa. A haɗa nasu ya zama ɗaya, sannan wasu biyun da ba su taɓa ganin na asali ba su mayar da shi Turanci. Inda ma'ana ta kauce, nan kwamiti zai zauna.

Sai dai akwai ramukan da wannan mayarwar ba ta tonowa. Kalmar czuć kamar "ji" ɗinmu take: ta jiki, ta hanci, ta zuciya. Tambayar wari in ba a saka zapach (wari ko ƙamshi) ba, wani zai amsa ta da abin da ke ransa. Haka wrażliwy, wato mai kaifin ji, kalma ce mai mutunci, amma przewrażliwiony ta zama gori, wato mai saurin tsarguwa. Wa zai yarda ya ba kansa 7 a kan gori? Maki ya faɗi ke nan, ba don mutanen sun bambanta ba.

Ga kuma jinsi: "na kasance" a bakin namiji byłem, a bakin mace byłam. Ko a buga takarda biyu, ko a gina jimlar yadda ba ta nuna jinsi. A kuma tsaya kan abu ɗaya tun farko, ty (kai ko ke) ko kiran girmamawa Pan da Pani (Malam da Malama).

A gwada da mutum 30 zuwa 40, kowa ya faɗi da bakinsa abin da ya fahimta. Daga nan sai babban gwaji, kamar mutum goma kan kowace tambaya, wato 270 zuwa sama, a maimaita wa wasunsu bayan mako biyu. A tabbata alfar Cronbach, wato ma'aunin yadda amsoshin tambayoyin ke tafiya tare, ta kai 0.70. Kada a ɗauka rukunan da lissafi ke raba tambayoyin a cikinsu za su fito kamar na Turanci, a sake lissafa su. Takardar amincewar masu amsawa kuma ta dace da RODO, dokar kare bayanan mutane.