Kurakuran da aka fi yi wajen tattauna littafin tsira daga mahaukaciyar guguwa

Idan ƙungiyar masu karatu ta zauna a kan littafin wanda ya tsira daga mahaukaciyar guguwar teku, kuskuren da ya fi yawa shi ne a mayar da zaman kamar kotu, kowa yana tambayar abin da ya hana mutanen gudu alhali an yi musu gargaɗi. Tambayar tana da sauƙi a bakin wanda ruwa bai taɓa shigar masa ɗaki ba. Lokacin da guguwar Katrina ta afka wa birnin New Orleans na Amurka a ranar 29 ga Agusta, 2005, dubban iyalai ba su da mota, wata ya zo ƙarshe kuɗi sun ƙare, ga tsofaffi da majinyata waɗanda ba sa iya doguwar tafiya. Gyaran shi ne jagoran zaman ya sauya tambayar zuwa abin da ke hannun mutumin a wannan lokaci, da kuma wanda zai bari a gida idan ya fita.

Haka kuma masu karatu sukan shagala da ƙarfin iska su manta da ruwa. Ma'aunin Saffir-Simpson, wanda ake auna ƙarfin guguwa da shi daga mataki 1 zuwa 5, iska kaɗai yake aunawa. Katrina tana mataki na 3 ta sauka a jihar Louisiana, inda birnin New Orleans yake, amma da katangun tare ruwa suka ɓalle, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse. Yana da kyau wani ya zo da taswirar wurin, domin a ga inda gidan marubucin yake da inda ruwan ya ɓullo.

Babin da aka fi tsallakewa shi ne na bayan lafawar iska, kuma a ganina nan ne nauyin littafin yake. Bayan guguwar Maria ta 2017, hukumomin tsibirin Puerto Rico da ke ƙarƙashin Amurka sun daɗe suna cewa mutum 64 ne suka rasu, daga baya suka amince da ƙiyasin 2,975, domin an shafe watanni babu wutar lantarki, marasa lafiya kuma suka rasa kulawa. Ya kamata a ware wa waɗannan shafuka rabin lokacin zaman.

Idan akwai wanda irin wannan bala'i ya taɓa shafa a cikin mahalarta, kada a matsa masa sai ya ba da labari. A sanar da shi littafin tun da wuri, a bar masa zaɓin magana ko shiru.