Yadda ake rubuta labarin almara na maƙiyan da suka kamu da son juna a lokacin yaƙi

Marubucin da ke son ƙaga labarin jarumin da zai kamu da son 'yar daular da suke yaƙa, a duniyar da aljanu da bokaye ke da hannu cikin harkar sarauta, ya kamata ya fara gina gabar kafin ya taɓa soyayyar. Sau da yawa irin wannan labari yana lalacewa ne saboda ƙiyayyar ba ta da tushe, sai a ga an yi musayar baƙar magana sau biyu a bakin rijiya, a babi na uku har an soma satar kallo. Ka sa jini a tsakaninsu: ko shi ya kashe yayanta a fagen daga, ko kuwa mahaifinta ne ya cinna wa garinsu wuta.

Ƙirƙiro sunayen dauloli ya fi aro na gaskiya kwanciyar hankali, domin jikokin waɗanda aka ci da yaƙi suna nan da rai, amma tarihi zai ba ka kayan aiki. Yadda Gobirawa ƙarƙashin Sarki Babari suka ci Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18, suka kafa Alƙalawa, ya isa ya nuna maka yadda maƙwabta masu auratayya kan koma abokan gaba. Ka tuna cewa da rani aka fi fita yaƙi, bayan an kai amfanin gona gida, kuma dawakin lifidi, sulke, kwalkwali da kibiya mai dafi su ne kayan fagen, ƙofofin ganuwa kuwa akan rufe su da dare.

Game da sihiri, kada ka bar shi ya zama mabuɗin kowace ƙofa. Layar zana da maganin ƙarfe suna armashi ne idan suna da sharaɗin da zai karya su. Misali, boka ya gindaya wa jarumin cewa ranar da ya ci abinci daga hannun abokin gaba ƙarfe zai kama shi, sannan ka jefa shi cikin halin da ya ji rauni a daji, ba mai ba shi ko da kunu sai ita.

Wurin da ya fi bukatar taka-tsantsan shi ne inda ɗaya ya zama fursunan ɗaya. Idan an kamo ta a ganima, duk wata soyayya da za ta nuna tana iya zama tsoro ne kawai, kuma mai karatu mai hankali zai gane. Saboda haka ka ba ta abin da za ta iya cutar da shi da shi, kamar sirrin tsafinsa ko damar guduwa, ta yadda zamanta zai zama zaɓinta.

Sauyin zuciya kuwa gara a nuna shi ta hanyar al'ada maimakon dogon jawabi. A farko tana iya kiran sunansa gatsal don raini, ko ta ce “ranka ya daɗe” cikin gatse. Ranar da ta kasa furta sunan saboda kunya, Bahaushe ya riga ya fahimci komai, ba sai an yi masa bayani ba.

Kafin ka rubuta babin farko, ka yanke shawarar abin da kowannensu zai rasa, sarauta ce, dangi ne ko ƙasa, sannan ka rubuta babin ƙarshe a taƙaice ka ajiye, domin shi zai nuna maka alamomin da za ka riƙa shukawa tun daga shafin farko.